Doguwar Lambar da Ke Gefen Manhaja: Abin da Take Tabbatarwa da Abin da Ba Ta Iya Tabbatarwa

Tambaya: Wani matashi mai shagon gyaran kwamfuta a wajen titin Beirut a nan Kano ya aiko da cewa: "Malam, barka da aiki. Na sauke Ubuntu (wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows) zan ɗora wa wani kwastoma, sai na ga wata doguwar lamba da aka rubuta wa SHA256, da wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da .gpg. Mene ne amfaninsu? Abokin sana'ata ya ce ɓata lokaci ne, muddin antibairos bai yi ƙara ba, to fayil lafiya lau yake. Ni kuma yawancin manhajojin da nake ɗorawa a filashi nake karɓo su daga abokai."

Amsa: Barka kadai malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Tambayarka guda ɗaya ce a baki, amma biyu ne a cikinta, kuma yawancin kuskuren da nake gani a wurin masu ɗora manhaja daga cakuɗa su yake tasowa. Ta farko ita ce, shin fayil ɗin ya iso kwamfutarka cif-cif yadda ya baro inda aka ajiye shi, ba tare da wani ɓangare ya yanke ko ya gurɓace a hanya ba? Ta biyu kuma, shin wanda ake cewa shi ya yi fayil ɗin, da gaske shi ne ya yi shi? Lambar SHA256 tana amsa ta farko, ƙaramin fayil ɗin .gpg yana amsa ta biyu, antibairos kuwa ba ya amsa ko ɗaya daga ciki, domin aikinsa daban ne.

Ka ɗauki ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya ɗaura dilar atamfa zuwa Maiduguri, ya haɗa direba da takarda mai ɗauke da adadin turame da sunan kowace atamfa. Idan kaya suka isa, mai karɓa ya ƙirga ya ga sun yi daidai da takardar, ya san babu abin da ya faɗi a hanya. Amma idan direban ba mai amana ba ne, zai iya musanya kayan da jabu, ya yaga takardar ya rubuta sabuwa, ƙirgen kuma ya fito daidai. Shi ya sa gogaggen ɗan kasuwa ba ya tsayawa a kan takardar da ta zo tare da kaya, sai ya buga waya ya ji daga bakin wanda ya aiko.

SHA256 wani lissafi ne da ke bi ta kan fayil daga farkonsa har ƙarshensa, ya fitar da jerin haruffa da alƙaluma guda 64, daga 0 zuwa 9 da kuma daga a zuwa f. Masana suna kiran wannan jeri hash. Hukumar kula da ma'aunai ta Amurka, NIST, ce ta fitar da wannan lissafi a shekarar 2001. Ko fayil ɗin wasiƙa ce mai layi ɗaya, ko kuwa Ubuntu ne mai kusan gigabait 6, tsawon jerin ba ya canzawa, amma da zarar an taɓa ko harafi ɗaya a cikin fayil ɗin, jerin gaba ɗaya yake birkicewa, har ba za ka ga wata kama tsakanin tsohon da sabon ba. Hatta fayil ɗin da babu komai a cikinsa yana da nasa, wanda ke farawa da e3b0c442 ya ƙare da 7852b855, kuma ko a Kano ka lissafa shi ko a Tokiyo, haka zai fito. Ina ba masu koyo shawarar su fara gwaji da wannan, domin ganin abu da ido ya fi dogon bayani.

Ba sai ka sauke wata manhaja ta musamman ba. A Windows, ka buɗe PowerShell, wato allon rubuta umarni, a cikin foldar da fayil ɗin yake, ka rubuta Get-FileHash, ka bar tazara, ka sa sunan fayil ɗin. Idan a baƙin allon cmd ka saba aiki, sai ka rubuta certutil -hashfile, sunan fayil, sannan SHA256. A Linux umarnin shi ne sha256sum, a Mac kuma shasum -a 256. Babban fayil zai ɗauki minti ɗaya ko biyu, a tsohuwar kwamfuta ma fiye da haka. Wajen kwatantawa, manyan baƙaƙe da ƙanana duk ɗaya ne, domin PowerShell da manya yake fitarwa, shafuka da yawa kuma da ƙanana suke rubutawa. Abin da nake hanawa shi ne duba haruffa huɗu na farko da huɗu na ƙarshe a ce an gama. Ka kwafi jerin duka, ka koma shafin masu manhajar, ka danna Ctrl da F ka liƙa shi. Idan burauza ta haska shi daga farko har ƙarshe, sun yi daidai.

Amfanin wannan mataki a wurinmu ya fi na ƙasashen da intanet ɗinsu ba ya yankewa. Shekarun baya an kira ni ɗakin kwamfuta na wata makaranta a cikin gari, inda wani yaro mai ƙwazo ya kwana biyu yana fama da ɗora Windows, kullum yana zuwa wuri guda sai ya tsaya. Ya sauya RAM, ya sauya hadis (hard disk), har an fara maganar ko allon injin ne ya mutu. Da na tambaye shi yadda ya sami fayil ɗin, sai ya ce da datar dare ya sauke, wuta ta ɗauke a tsakiya, da asuba ya ci gaba daga inda ya tsaya. Girman fayil ɗin a ido daidai yake, amma da muka lissafa hash ɗinsa, ko kusa da na shafin bai zo ba. Kayan da aka ciccire duk ƙalau suke.

Wani lokaci za ka ga shafi ya ba da MD5 mai haruffa 32, ko SHA-1 mai haruffa 40. Waɗannan tsofaffi ne, kuma an karya lagonsu. A 2004 wata masaniyar lissafi 'yar ƙasar Sin, Wang Xiaoyun, da abokan aikinta suka nuna yadda ake samar da abubuwa biyu mabambanta masu MD5 iri ɗaya, sannan a watan Fabrairun 2017 masu bincike daga Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fito da fayilolin PDF guda biyu, abin da ke cikinsu daban, SHA-1 ɗinsu kuwa ɗaya. A ganina har yanzu MD5 yana da amfani wajen gane saukewar da ta yanke, tunda yankewar wuta ba ta ƙulla makirci, amma inda ake tsoron hannun mutum, kada ka dogara da shi matuƙar akwai SHA256.

Sai dai SHA256 ɗin ma takardar direba ce. Ranar 20 ga Fabrairun 2016 aka yi kutse a shafin Linux Mint (wani nau'in Linux ne shi ma), aka karkatar da maɓallin saukewa zuwa wani kwafin Linux Mint 17.3 Cinnamon da aka dasa wa ɓoyayyiyar hanyar shiga, kuma mai kutsen ya sauya lambar tantancewar da ke shafin ta dace da jabun. Duk wanda ya sauke a ranar, ya lissafa, ya kwatanta da abin da ke shafin, zai ga komai daidai, ya ɗora wa kansa masifa da kwanciyar hankali. Lambar da ta fito daga wuri ɗaya da fayil ba ta iya kare ka daga wanda ya ƙwace wurin.

A nan ne sa hannu na dijital ya shigo. Mai manhaja yana da mabuɗai biyu da lissafi ya ɗaure su da juna: na sirri, wanda yake ɓoyewa, da na fili, wanda yake raba wa kowa. Da na sirrin yake sa hannu, da na filin kuma kowa zai iya duba ko hannun nasa ne. Ya yi kama da hatimin alƙali, wanda kowa ya san tambarinsa amma mutum ɗaya ke riƙe da shi, sai dai shi wannan babu mai sassaƙa irinsa a bakin titi. Mai kutse zai iya sauya fayil, ya sauya lamba, amma ba zai iya sa musu hannun da zai dace da mabuɗin filin masu manhajar ba, sai fa idan ya sace na sirrin. Phil Zimmermann ne ya yaɗa wannan tsari ga jama'a da manhajarsa ta PGP a 1991, daga baya wani Bajamushe, Werner Koch, ya fara GnuPG a 1997, wadda ita ce gpg ɗin da ka gani. A Linux yawanci tana nan a ciki, a Windows kuma ana samunta a cikin Gpg4win.

Su Ubuntu ba kan babban fayil ɗin suke sa hannu ba, a kan jerin lambobin suke sawa. Saboda haka fayiloli biyu ƙanana za ka sauke: SHA256SUMS, wanda ke ɗauke da lambar kowane kwafi, da SHA256SUMS.gpg, wanda shi ne sa hannun da ke kansa. Bayan ka shigar da mabuɗin filin Ubuntu, sai ka rubuta gpg --verify SHA256SUMS.gpg SHA256SUMS. Idan ka ga "Good signature", jerin na gaskiya ne. Idan ka ga "BAD signature", ka tsaya nan, babu wani uzuri. Daga nan ne za ka kwatanta lambar babban fayil ɗinka da wadda ke cikin jerin. Tsarin ke nan: sa hannu ya tsaya wa jerin, jerin kuma ya tsaya wa fayil.

Mai lura zai ce, to shi mabuɗin filin wa ya tsaya masa? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna gaban malaman hadisi, domin su ma ba matani kaɗai suke dubawa ba, sai sun bi isnadi sun ga wane ne ya karɓa daga wane. Kowa zai iya ƙirƙirar mabuɗi ya rubuta masa sunan Ubuntu, kuma gpg za ta ce maka "Good signature" a kan jabun fayil idan jabun mabuɗi ka ba ta. Shi ya sa a karo na farko za ka ga ta ƙara da gargaɗin cewa babu abin da ke nuna mabuɗin na mai sunan ne. Gargaɗin ba ya nufin an sami matsala, yana nufin tantance mabuɗin ya rage a wuyanka. Kowane mabuɗi yana da zanen yatsa, wanda a yawancin mabuɗan da ake amfani da su yanzu haruffa 40 ne, kuma abin da ake so shi ne ka ga wannan zanen a wurare biyu ko uku da ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba: shafin bayanin masu manhajar, tsohon kwafin Ubuntu da ka riga ka amince da shi, da kuma wurin wani masani da ya daɗe yana amfani da mabuɗin. Kada ka wadatu da gajeriyar lamba mai haruffa 8, domin tun 2014 masu bincike suka nuna cewa cikin ɗan lokaci kaɗan ake ƙera mabuɗin da gajeriyar lambarsa ta yi daidai da ta wani. Daɗin abin shi ne sau ɗaya ake wannan wahala. Da ka tabbatar da mabuɗi, zai yi maka aiki shekaru.

Ga manhajojin Windows masu ƙarewa da .exe ko .msi abin ya fi sauƙi, domin sa hannun a jikin fayil ɗin yake, Windows kuma tana zuwa da jerin hukumomin da ke ba kamfanoni takardar shaida. Ka danna fayil da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka nemi Digital Signatures, ka buɗe Details ka ga ko ta ce sa hannun lafiya yake, sannan ka karanta sunan wanda ya sa hannun da kyau. Idan fayil ya ce shi Chrome ne amma sunan da ke kai ba Google ba ne, ko kuma babu sa hannun kwata-kwata, magana ta ƙare. Akwatin nan da ke fitowa yana neman izini kafin ɗorawa, wanda yawancinmu muke danna Yes ba tare da mun kalle shi ba, yana nuna wannan sunan, ko ya rubuta cewa ba a san mai manhajar ba. Akwai ƙananan manhajoji na gaskiya da ba su da sa hannu, saboda takardar shaidar kuɗi ake biya, amma babban kamfani ba ya sakin kayansa haka.

Alamar kwaɗon kulle da ke gefen adireshin shafi a burauza ma kada ta ruɗe ka. Abin da take cewa kawai shi ne babu mai leƙe ko sauya abin da ke wucewa tsakaninka da wannan adireshi, ba ta ce adireshin na mutanen kirki ne ba, kuma ɓarayi ma suna samunta kyauta. Yawan fahimtarta a baibai ne ya sa Chrome ya daina nuna kwaɗon a 2023. A watan Disambar 2022 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan masu sayen talla a shafukan bincike, ta yadda jabun shafinsu zai hau saman na gaskiya. Ka san adireshin manhajojin da kake yawan ɗorawa da ka, misali VLC a videolan.org yake, ka riƙa rubutawa da hannunka.

Game da maganar abokin sana'arka, antibairos yana neman abin da ya riga ya sani ne, ko abin da take-takensa ya yi kama da na cuta. Shirunsa yana nufin bai gane komai ba, kuma sabuwar cutar da aka ƙera jiya za ta iya wucewa ta gabansa. Yana da amfani a matsayin ƙari. Akwai ma dabarar da za ta rage maka data: shafin VirusTotal, mallakar Google, yana gwada fayil da antibairos kusan 70, kuma ba sai ka loda fayil ɗin ba, kana iya liƙa hash ɗinsa a wurin bincike ka ga ko an taɓa gwada shi. Sai dai kada ka kuskura ka loda takardun kwastoma a can, domin abin da aka loda masu bincike da kamfanonin tsaro suna iya samunsa.

Adalci ne in faɗa maka inda sa hannun ma yake gazawa. A 2017 aka shiga cikin kamfanin Piriform mai CCleaner, manhajar share tarkacen kwamfuta, aka cusa cuta a sigar 5.33 tun kafin a sa mata hannu, ta fito da sa hannu na gaskiya daga shafi na gaskiya, kuma kimanin kwamfutoci miliyan 2.27 suka ɗora ta. Irin haka ta faru da kamfanin manhaja na SolarWinds a 2020, inda kwastomomi kusan 18,000 suka karɓi gurɓataccen sabuntawa. A irin wannan hali babu lissafin da mai shago zai yi ya gano, tunda ɓarnar daga cikin gida take. Abin da ke hannunka shi ne ka riƙe littafi kana rubuta wace siga ka ɗora wa wa da kuma yaushe, domin ranar da labari ya fito ka san waɗanda za ka kira.

A waya kuma Android ba ta karɓar manhajar da ba a sa wa hannu ba, kuma ba ta yarda sabuntawa ya hau kan tsohuwar manhaja sai da hannun mai ita. Na sha gani a Farm Centre, an turo APK, wato fayil ɗin ɗora manhajar Android, ta Xender ko WhatsApp, ya ƙi hawa kan wanda ke wayar, sai mai gyara ya goge na asalin ya ɗora sabon, yana ganin ya warware matsala. Ba kullum ne sa hannu ke jawo ƙin hawan ba, amma idan shi ne, to wayar gaskiya take faɗa masa cewa ba mutum ɗaya ya yi su ba, shi kuma ya toshe mata baki. A watan Agustan 2021 kamfanin Kaspersky ya gano cutar Triada a cikin wata sigar FMWhatsApp, ɗaya daga cikin WhatsApp ɗin nan da aka yi wa kwaskwarima. Wayar da ke ɗauke da manhajar banki, wadda lambobin sirri ke shigowa cikinta ta saƙo, daga Play Store kaɗai ya kamata ta karɓi manhaja. Haka ma a Ubuntu, duk abin da ka ɗora da umarnin apt daga rumbunsu na hukuma, tsarin da kansa yake duba sa hannu da lamba ba tare da ka ce masa ba.

Manhajar kirak, wato wadda aka fasa don a kauce wa biyan lasisi, kuwa ba ta tantancuwa, domin fasa ta yana nufin an sauya fayil ɗin, lambarsa ta tashi daga ta asali, sa hannun kamfani ya karye, kuma wanda ya fasa bai bar maka suna ko adireshi ba. Umarnin farko da ke zuwa da ita yawanci shi ne a kashe antibairos. Na san halin kasuwa, na san kwastoma ba ya son jin kuɗin lasisi, amma ga wanda buƙatarsa rubutu da lissafi ce, LibreOffice kyauta ce kuma tana da lamba da sa hannun da za ka iya dubawa.

Saura filashin abokai, kuma a nan albishir gare ka. Ba sai ka ƙona gigabait 6 na data kana sake sauke abin da abokinka ke da shi ba. Ka kwafi fayil ɗin, ka lissafa SHA256 ɗinsa, ka sauke ƙananan fayilolin nan biyu daga shafin Ubuntu da kanka, waɗanda nauyinsu bai kai na hoto ɗaya ba, ka duba sa hannu, ka kwatanta. Idan sun dace, fayil ɗin daidai yake da na asali, ko da ya bi ta hannu goma kafin ya zo gare ka. Ka dai lura siga ta zama ɗaya, domin 24.04 da 24.04.1 lambobinsu daban. Microsoft ma tana wallafa lambobin SHA256 na Windows 11 a shafin saukewa, kowane harshe da tasa, amma na kwafin da ake saukewa kai tsaye ne kuma na sigar da ke kai a lokacin. Wanda aka haɗa da Media Creation Tool, manhajar Microsoft ta haɗa kwafin Windows, ba zai dace da su ba ko da lafiyarsa ƙalau, saboda a kan kwamfutar mai saukewa ake harhaɗa shi. Irin wannan, idan ba kai ka haɗa shi da hannunka ba, ba ka da abin da za ka auna shi da shi, gara ka haɗa naka sau ɗaya, ka lissafa lambarsa nan take ka adana.

Lambobin da ka tantance ka ajiye su a wayarka ko a kwamfutar shago, kada su zauna a cikin filashin da suke gadi, tunda filashin kullum yana shiga injinan da ba ka san abin da ke cikinsu ba. Duk ƙarshen mako ka sake lissafa na manyan fayilolin ka kwatanta. Idan wata lamba ta sauya alhali ba ka taɓa fayil ɗin ba, ko dai wani injin kwastoma ya taɓa shi, ko kuma filashin ne irin jabun nan da aka rubuta wa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, wanda ke karɓar fayil ya nuna sunansa da girmansa daidai amma ya lalata abin da ke ciki. Ka goge filashin gaba ɗaya, ka sake kwafa daga ajiyarka ta shago, ka lissafa tun kafin ya shiga injin kowa. Idan lambar ta sake saɓawa, filashin ne, ka mayar wa wanda ya sayar maka.